Nisan Kano zuwa Jidda a jirgin sama: shin gajartar sa'o'i tana ɗauke hukuncin matafiyi?

Tambaya

Ni manomi ne a fadamar Haɗejiya. Bana Allah Ya hore mini kujerar Hajji, ni da maiɗakina. A wurin bita aka gaya mana cewa daga Kano ko Dutse zuwa Jidda sa'a huɗu ne da ɗan wani abu a jirgi. Sai gardama ta tashi a tsakaninmu. Wani ya ce tafiyar da ba ta kai wuni ba, mutum yana zaune a kujera cikin sanyi ana kawo masa abinci, ba ta cancanci ƙasaru ko shan azumi ba, domin shi yakan daɗe fiye da haka a motar haya daga nan zuwa Kano. Wani ya ce a'a. Malam, nawa ne ainihin nisan? Shari'a da tsawon hanya take awo ko da sa'o'i? Kuma da wane agogo za mu yi sallah a sama?

Amsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Allah Ya sa ku je lafiya ku dawo lafiya, Ya karɓi ibadarku. Amsar a taƙaice: tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Shari'a tana duba tsawon hanyar da mutum ya nufa, ba ta duba sa'o'in da abin hawa ya ci. Saboda haka na cikin jirgi matafiyi ne cikakke, yana da duk sauƙin da Allah Ya yi wa matafiyi. Amma lokutan sallah da buɗa-baki suna bin ranar da ke wurin da yake, ba agogon da ya ɗauro daga gida ba. Ga bayanin.

Nisan da kansa

Idan ka ɗauki ƙwarya ka kife ta, ka sa ɗigo biyu a bayanta, ka ja zare tsakaninsu har ya miƙe, tsawon zaren nan shi ne hanya mafi kusa tsakanin ɗigon biyu. Haka masana suke auna nisan garuruwa a bayan ƙasa, tunda ita ma a dunƙule take. Da wannan awo, daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda kimanin kilomita 3,400 ne. Daga filin jirgin Dutse, wanda aka gina a zamanin Gwamna Sule Lamido aka buɗe a 2014, nisan ya ɗan ragu zuwa kimanin kilomita 3,350, saboda Dutse ta fi Kano kusa da gabas. Daga Kano zuwa Madina kuwa kimanin kilomita 3,550 ne. Daga cikin garin Haɗejiya zuwa Ka'aba kai tsaye, kimanin kilomita 3,300.

Wannan miƙaƙƙen layi yana fita daga Kano ya nufi gabas maso arewa, ya ratsa sararin ƙasarmu ta Haɗejiya, ya bi ta arewacin tafkin Chadi, ya keta ƙasar Chadi da Sudan, ya tsallaka kogin Nilu, sannan Bahar Maliya, sai Jidda. Fuskar da layin yake kallo ita ce fuskar alƙiblarmu, wadda ta karkata daga tsantsar gabas zuwa arewa da kaɗan. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani idan muka zo maganar sallah a jirgi.

Jiragen da ke ɗaukar alhazai suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a sa'a ɗaya idan sun daidaita a sama. In ka haɗa da lokacin hawa da na sauka, tafiyar takan ci sa'a huɗu da rabi ko kusa da haka. Amma jirgi ba kullum yake samun bin miƙaƙƙen layi ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Nijeriya suka riƙa zagayawa, sa'o'in tafiya suka ƙaru, kuɗin jirgi ma ya ƙaru. Jidda tana nan inda take, Kano ma haka, sa'o'i ne suka canza. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa sa'o'i ba abin gina hukunci ba ne.

In ka ga allon da ke gaban kujera ya nuna adadin da ya saɓa wa wanda na faɗa, kada ka ruɗe. Wani lokaci da mil suke rubutawa. Kilomita 3,400 daidai yake da kimanin mil 2,100 na Turawa, ko kimanin mil 1,850 na matuƙa jirgi, domin milin matuƙa mita 1,852 ne, na Turawa kuwa mita 1,609.

Da me shari'a take awo?

Asalin ƙasaru yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101, inda Allah Ya ɗauke laifi daga masu tafiya a bayan ƙasa idan suka rage sallah. Ayar ta ambaci tsoron abokan gaba, shi ya sa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da ƙasaru bayan an samu aminci. Sai ya sanar da shi cewa sadaka ce Allah Ya yi wa bayinSa, su karɓa. Muslim ne ya ruwaito. A mazhabar Imamu Malik ƙasaru sunna ce mai ƙarfi, ta fi cikawa falala ga matafiyi.

Game da tsawon hanya, abin da muka karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaid da Mukhtasar na Shaihu Khalil shi ne baridi huɗu. Kowane baridi farsakhi huɗu ne, kowane farsakhi mil uku, jimla mil 48. Bukhari ya ambaci cewa Ibnu Umar da Ibnu Abbas suna ƙasaru suna shan azumi a wannan gwargwado. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Ibnu Abbas yana ƙasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Ɗa'ifa, ko Makka zuwa Usfan, ko Makka zuwa Jidda, Imamu Malik ya ce wannan shi ne baridi huɗu. Da awon yau malamai sun ƙiyasta shi tsakanin kilomita 80 da 89. Bambancin ya zo ne daga saɓaninsu a kan kamu nawa ne a mil ɗaya, da kuma tsawon kamun kansa. Shafi'iyya da Hanbaliyya ma a kan mil 48 ɗin suke. Hanafiyya sun ce tafiyar kwana uku. Wasu malamai, kamar Ibnu Taimiyya, sun mayar da abin ga duk abin da mutane suke kira tafiya. Ko wace magana ka ɗauka, Kano zuwa Jidda ta wuce ta nesa ba kusa ba.

To, daga ina abokin gardamarka ya samo maganar wuni? Malamai sun kwatanta baridi huɗu da zango biyu, wato tafiyar wuni biyu ta raƙumi mai ɗauke da kaya. Amma wannan kwatance ne na tsawon hanya da ma'aunin da mutanen wancan zamani suka sani, kamar yadda mu ma mukan ce gonar wane tafiyar sa'a guda ce a ƙafa. Wanda ya je gonar a babur cikin minti goma bai matso da ita ba. Masu sharhin littattafan fiƙihu sun faɗa ƙarara, tun kafin a ƙera jirgin sama, cewa ko da mutum ya yanke wannan nisa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, hukuncinsa na matafiyi yana nan.

Yi lissafin da kanka. Kilomita 3,400 ya ninka nisan ƙasaru kusan sau 40. Da awon zango, tafiyar kwana 80 ke nan ga raƙumi mai kaya, in ya miƙe bai tsaya ba, kuma babu teku a gabansa. Jirgi kuwa yana cinye nisan ƙasaru ɗaya cikin minti shida. Kakanninmu da suka tafi a ƙasa sun san tsawon nan da tafin ƙafarsu. Su bi ta Borno, su shiga Wadai, su ratsa Darfur da Kordofan, su isa Omdurman, sannan Sawakin a bakin Bahar Maliya, suna tsayawa suna noma da ƙodago don samun guzuri. Wasu sai bayan shekaru suke dawowa, wasu can suka zauna, zuriyarsu tana Sudan har yau. Hanyar da suka bi ita ce kake tsallakewa kana zaune. Sauƙin abin hawa ni'ima ce ta daban, ba ta soke ni'imar ƙasaru ba.

Maganar rashin wahala kuma, ka sani Allah Ya rataya sauƙin ne a kan tafiya, domin ita ce abin da kowa zai iya ganewa, wahala kuwa ta wani ba ta wani ba ce. Kai da kake yankan shinkafa a fadama da tsakar rana ka fi na cikin jirgi shan wuya, amma ba wanda ya ce ka yi Azahar raka'a biyu. Haka shi ma ba za a hana shi ba don ya huta.

Daga ina ake farawa, a ina ake dainawa?

Kai Bahaɗeje ba sai ka hau jirgi za ka zama matafiyi ba. Da zarar motarku ta wuce gidajen ƙarshe na garinku da lambunan da ke haɗe da shi waɗanda ake zama a cikinsu, ka fara ƙasaru. Haɗejiya zuwa Kano kusan kilomita 200 ne, zuwa Dutse ma ya haura kilomita 100, kowanne ya kai nisan ƙasaru shi kaɗai. Mutumin Auyo ko Malam Madori ko Guri ko Birniwa, kowa daga ƙarshen gidajen garinsu yake farawa. Bakano mazaunin birni kuwa hukuncinsa daban, domin filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake. Shi zai cika sallarsa a filin, sai jirgi ya ɗaga ya bar gidajen Kano sannan ya zama matafiyi.

Sallolin da ake ragewa su ne masu raka'a huɗu: Azahar, La'asar da Isha'i. Magariba da Asuba suna nan yadda suke.

A sansanin alhazai, in an ce muku jirgi yau ko gobe, ba ku san ranar tashi ba, za ku ci gaba da ƙasaru ko da kwanakin sun yi yawa. Amma in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, waɗanda suka ƙunshi salloli 20, ko ka tabbata ba za a tashi ba sai bayan haka, to ka cika. Haka kuma wanda yake da mata a Kano ko Dutse, wadda ya riga ya tare da ita, shigarsa garin tana yanke masa hukuncin tafiya har sai ya sake fita.

Wannan ƙa'ida ta kwana huɗu ita za ka bi a Madina da Makka. Alhaji yakan yi makonni a Makka, saboda haka mazauni ne, zai cika ko da shi kaɗai ya yi sallah a masauki. Duk sanda matafiyi ya bi limami mazauni, kamar limaman Harami, zai cika tare da shi. A Mina da Arfa da Muzdalifa kuwa alhazai suna ƙasaru, wannan sunnar aikin Hajji ce. Ranar dawowa, ka fara ƙasaru daga fitarka Makka, ka ci gaba a Jidda kana jiran jirgi muddin ba ka yi niyyar kwana huɗu ba, har ka iso gidajen farko na garinku.

Akwai mas'alar da ta shafe mu mutanen bakin kogi. Malamanmu sun ce wanda ya bar gajeriyar hanya ya bi doguwa ba tare da uzuri ba, don kawai ya samu ƙasaru, ba zai yi ba. In kuwa da uzuri ne, ana lissafa hanyar da ya bi. A shekarar ambaliya irin ta 2022, da ruwa ya yanke hanyoyi a ƙasar nan, wanda ya zagaya har zagayen ya kai nisan ƙasaru, ya yi ƙasarunsa.

Agogo da rana

Nan ne mafi yawan kuskure yake aukuwa. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da sa'a biyu. Ba gwamnatoci ne kawai suka ga dama ba, rana ce da kanta take riga fitowa a can. Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin daraja 30 ta gabas da yamma, rana kuwa tana cin kowace daraja cikin minti huɗu, ka ga sa'a biyu ke nan. Mai tafiya gabas yana tarar rana ne, wuninsa da darensa suna gajarta. Mai dawowa yamma yana bin ta a baya, nasa suna tsawaita.

Ga misali uku, a kan tafiyar sa'a huɗu da rabi.

Na farko, jirgi ya tashi ƙarfe 2 na rana. Rana ta riga ta yi zawali kuna ƙasa. Ku sallaci Azahar da La'asar a haɗe kafin ku hau. Za ku sauka ƙarfe 6:30 a agogonku, wato 8:30 na dare a Jidda, sai ku sallaci Magariba da Isha'i bayan sauka. Babu sallar da ta kama ku a sama.

Na biyu, jirgi ya tashi ƙarfe 12 na rana. A Kano zawali bai yi ba tukuna, ba a kuwa sallar Azahar kafin zawali. Za ku sauka 6:30 na yamma a agogon Jidda. A wasu watanni rana ta riga ta faɗi, a wasu kuma saura kaɗan, kafin a fito daga jirgi a gama layi ta tafi. Ke nan Azahar da La'asar a sama za a yi su.

Na uku, jirgi ya tashi ƙarfe 12 na dare a watan Mayu ko Yuni. A wannan lokaci rana tana fitowa a Jidda kafin ƙarfe 6. Za ku sauka 6:30 a agogonsu, rana ta ɗaga. Alfijir ya keto ya wuce kuna sama, agogon hannunka kuwa yana nuna ƙarfe uku da wani abu na dare. Na taɓa tafiya da wani dattijo mai kiyaye sallah, wanda tun ƙuruciyarsa ba a san shi da makara ba. Ya duba agogonsa ya ga da sauran dare, ya gyara zama ya koma barci. Da ya farka ya ga hasken rana ta taga, sai hawaye. Na gaya masa mai barci ba shi da laifi, ya sallace ta yanzu, amma baƙin cikin bai bar shi ba har muka isa Madina. Asuba ba a haɗa ta da wata sallah, ba a jinkirta ta. Ka sa ido a taga, ko ka roƙi ma'aikatan jirgi su sanar da kai ketowar alfijir.

Game da haɗa salloli biyu, Malikiyya sun yi rangwamensa a tafiyar tudu, ba su yi a ta ruwa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta shi a duk tafiyar ƙasaru, kuma a kan haka mafi yawan masu fatawa suke game da jirgin sama. Haɗawa a ƙasa, da tsayuwa da ruku'u da sujada cikakku, ya fi yin sallah a kujera.

Yadda ake sallah a jirgi

Ka yi alwala kafin ka hau, ka yi ƙoƙarin riƙe ta. In ta warware, akwai ruwa a makewayin jirgi, wanki ɗaya-ɗaya ya wadatar, ba tare da ka jiƙa wurin ka cutar da na bayanka ba. In ruwa ya gagara, sai taimama. A mazhabarmu taimama sai da abin da yake jinsin ƙasa ne, kamar turɓaya ko dutse, ba a yin ta a jikin kujera ko roba. Shi ya sa yana da kyau ka sa ɗan ƙaramin dutsen taimama a jakar hannu, in masu bincike sun bar ka da shi. Wanda ya rasa ruwa ya rasa abin taimama, malaman mazhaba sun yi saɓani a kansa. Ibnul Ƙasim ya ce ya yi sallar a yadda yake, sannan ya rama. Ashhabu ya ce ya yi, babu ramuwa. Abin da nake ba mutane shawara shi ne maganar Ibnul Ƙasim, domin ta fi kuɓutar da wuya.

In akwai wurin tsayuwa kuma ma'aikata sun ba da izini, ka tsaya ka fuskanci alƙibla ka yi sallarka cikakkiya. In babu, ko an hana tashi saboda iska, ka yi a zaune da nuni, sunkuyon sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Kada ka tare hanya, kada ka yi jayayya da ma'aikata, tsaron ran jama'a ne a hannunsu. A tafiya zuwa Jidda, in jirgi ya bi miƙaƙƙiyar hanya, gabansa kusan alƙibla yake kallo, mai zaune a kujera ya dace. A dawowa alƙibla tana bayanka, sai ka juya gwargwadon iko. Wanda ya yi a zaune ko ba ga alƙibla ba, ya sauka lokacin sallar bai fita ba, ya sake ta. Abin da ba shi da hujja shi ne mutum ya bar sallah da gangan har lokacinta ya fita, yana cewa sai an sauka.

Sallar da ta kuɓuce a tafiya, raka'a biyu ake rama ta ko da an dawo gida. Wadda ta kuɓuce a gida, huɗu ake rama ta ko da a tafiya.

Azumi

Wannan ya fi shafar masu Umrar watan Ramadan. Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, ta ba matafiyi damar sha ya rama. A wurin Malikiyya yin azumin ya fi ga mai iko. Wanda yake son sha, sharaɗi ne ya kasance ya bar garinsu kafin alfijir, kuma bai kwana da niyyar azumi ba. In ka fita daga Haɗejiya da hantsi, azumin wannan rana ya hau kanka. In kuma kana cikin tafiya ka kwana da niyyar azumi, ba ka da damar karyawa da rana sai da larura, wanda ya karya haka kawai akwai kaffara a kansa a mashhurin mazhaba. Saboda haka ka yanke shawara tun da dare.

Mai azumi a jirgi zai sha ruwa ne idan rana ta faɗi a idonsa. Mai tafiya Jidda zai samu ragin kimanin sa'a biyu, azuminsa cikakke ne, ba zai jira agogon Kano ba. Mai dawowa zai samu ƙarin kimanin sa'a biyu, ba zai sha da agogon Makka ba alhali rana tana tsaye. Ko garin da ke ƙarƙashinku ba a bin kiran sallarsa, domin wanda yake sama da kilomita 10 a sararin sama yana ganin rana minti goma ko fiye bayan ta ɓace wa na ƙasa. Wanda kuwa ya sha ruwa a ƙasa bayan faɗuwar rana, jirgi ya ɗaga ya sake hango ta, azuminsa ya riga ya cika.

Miƙati

In Madina za a fara kai ku, ko da a Jidda kuka sauka aka ɗauke ku a mota, babu harami a kanku a jirgi. Miƙatinku Zul-Hulaifa ne, wanda ake kira Abyar Ali, a bakin Madina, sama da kilomita 400 daga Makka.

In kuwa daga Jidda Makka za ku wuce, to a kula. Wanda bai bi ta kan miƙati ba yana ɗaukar harami ne idan ya zo daidai da shi. Miƙatai biyu da ke kusa da gaɓar Bahar Maliya su ne Juhfa, kusa da Rabig a arewa, da Yalamlam a kudu. Malamai sun yi saɓani a kan Jidda. Mafi yawan majalisun fatawa sun ce ba miƙati ba ce ga wanda ya zo ta sama. Wasu sun halatta. A tsofaffin littattafan Shafi'iyya da Hanbaliyya kuma an ambaci cewa wanda ya taso daga Sawakin ya miƙo Jidda bai zo daidai da wani miƙati ba, daga Jidda zai yi harami. Sai dai fasinja bai san ta wace kusurwa matuƙi zai shigo ba, musamman in an yi zagaye. Jirgi kuma yana cin kimanin kilomita 14 a minti ɗaya, kafin ka buɗe jaka ka warware zane an wuce. Abin da ya fi aminci: namiji ya yi wanka ya ɗaura zannuwan harami tun a ƙasa, mace ta yi wanka ta sa tufafinta na sutura, a bar niyya da talbiyya sai an yi sanarwa, ko kaɗan kafin haka. Yin niyya kafin miƙati makaruhi ne a wurinmu amma ta ƙullu. Wuce shi babu harami kuwa yana jawo yanka.

Game da maiɗakinka

Duk abin da na faɗa, namiji da mace ɗaya ne a cikinsa. Ita ma za ta yi ƙasaru, ta haɗa, ta yi sallah a kujerarta in lokaci ya kama. Kuma kamar yadda gajartar sa'o'i ba ta hana ƙasaru ba, haka ba ta mayar da tafiyar ta zama shiga maƙwabta ba. Hukuncin muharrami yana nan. Ita Allah Ya hutar da ita tunda tare kuke. Wadda ba ta da miji ko muharramin da zai raka ta, Malikiyya sun yarda ta tafi Hajjin farilla cikin amintacciyar tawaga.

Ka gaya wa abokin gardamarka, cikin ladabi, cewa tsoronsa na wasa da sallah abin yabo ne, amma karɓar sauƙin da Allah Ya bayar shi ma biyayya ce. In ya cika sallarsa duk da haka, ta inganta, sai dai ya bar sunna. Kada ku bari wannan ya raba ku a hanya. Abin da ya fi cancanta ku taru a kansa shi ne ku tambayi jami'an alhazai lokacin tashin jirginku da inda zai sauka, ku zauna da malamin bitarku ku lissafa wace sallah ce za ta same ku a sama, ku shirya mata tun kuna ƙasa.

Allah Ya sa Hajji karɓaɓɓe ne, ku sa mu a addu'a.

Wallahu a'alamu.